Ƙarar da Kawu Ya Koya Mini Saurare

Kawuna ba ya tashi daga kan bencinsa don kawai an ce mota ta ƙi tashi. Abin da na fara lura da shi ke nan a makon da aka kai ni garejinsa, a wajajen Ƙofar Ruwa cikin Kano, a 1986. Direba zai iso yana gumi, yaransa sun turo motar tun daga bakin titi, yana ta rantsuwa cewa jiya lafiya lau ya kashe ta. Kawu zai amsa gaisuwa, ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa, ya ce, "Shiga ka murza mu ji." Sai ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron karatu. Direba ya murza makulli, kawu ya ce, "Sake." A karo na uku ne yake waiwayowa ya dube ni.

"Kai ɗan nan, me ka ji?"

Ni kuwa a lokacin abu guda nake ji, mota ba ta tashi ba. Haka nake faɗa masa, shi kuma ya girgiza kai ya ce wannan ko makaho da ke wucewa ya sani. Abin da yake so in faɗa masa shi ne irin kukan da ta yi kafin ta ƙi.

Kawu ɗan riwaya ne, wato mai gyaran wutar mota. Ba ya sauke inji, ba ya taɓa giya. Batir, kik, altaneta, fitilu da wayoyin da suka haɗa su, nan gonarsa take. Zamanin Fijo ne. Kamfanin Peugeot yana haɗa motoci a Kaduna tun 1975, kuma 504 ta cika gari: ga ta gwamnati, ga doguwar ta haya mai zuwa Katsina da Zariya, ga a-kori-kura mai ɗaukar buhuna. Tsofaffin 404 ma ba su ƙare ba. A shekarar ce kuma gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta zube, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Mutumin da a da yake jefar da abu ya sayi sabo, ya koma neman wanda zai farfaɗo masa da tsohon. Don haka kalmar da bakanike zai furta a kan mota ta yi nauyi. In ya ce "ya mutu," abincin gidan wani na wata guda ya faɗa wa hukunci.

Sai da na yi wajen wata biyu kafin kunnena ya raba ƙara biyu da a da nake ɗauka ɗaya ce. Akwai wadda take zuwa a jere, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar haƙoran mai jin sanyi. Akwai kuma guda ɗaya tak mai nauyi, ƙwas, daga nan sai shiru. Ranar da na iya bambanta su, kawu ya sa aka kawo wani tsohon kik, wanda wasu ke ce wa sitata, ya warware shi a kan faranti ya nuna mini inda kowace ƙara take fitowa.

A bayan kik akwai wani ɗan gwangwani da yake manne. Sunansa solonoyid, amma kawu "ɗan goyo" yake ce masa, kuma har yau sunan da ke zuwa mini a baki ke nan. Aikinsa biyu ne a lokaci guda. Idan ka murza makulli, 'yar wuta kaɗan ce take zuwa gare shi ta siririyar waya, ta mai da shi maganaɗisu, ya fizgo wani ƙarfe da ke cikinsa. Wannan fizgar ita take tura ƙaramin haƙori ya shiga cikin haƙoran babban faifan da ke bayan inji, kuma ita take danna wani farantin tagulla ya haɗa manyan wayoyi biyu, wuta mai yawa ta kwararo daga batir zuwa cikin kik ya juya inji. Ƙwas ɗin da ake ji, ƙarar wannan ƙarfen ce yana bugawa. Kawu ya ce, "Ka ga, in ka ji ƙwas, makulli ya isar da saƙo, ɗan goyo ya amsa. To rabin bincike ya ƙare. Saura ka gano me ya hana babban aikin."

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin ƙas-ƙas ɗin nan mai jerawa. Ɗan goyo ba mai ci ba ne, wuta kaɗan ta ishe shi. Kik kuwa a lokacin da yake juya injin da ya kwana yana jan wuta fiye da amfiya ɗari, abin da ya ninka na fitilun mota sau da yawa. To idan batir ya yi sanyi, yana da ƙarfin da zai fizgo ɗan goyo. Da zarar farantin tagulla ya haɗu, sai kik ya zuƙe ɗan abin da ya rage, ƙarfin wuta ya faɗi, ɗan goyo ya saki. Yana saki sai batir ya ɗan farfaɗo, ya sake fizgowa, a sake zuƙewa, ya sake saki. Haka za su yi ta yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wato ƙarar tana cewa wuta tana zuwa amma ba ta isa ba. Ko dai batir ɗin ne babu caji, ko kuwa yana da shi amma hanyar da zai bi ta toshe.

Ba mu da mita a wancan lokacin. Fitilar mota ita ce mitarmu. Kawu zai ce a kunna manyan fitilu, ya tura ni gaban mota in tsaya in zuba ido, sannan a murza. Idan hasken ya dushe ya koma ja kamar garwashi, ko ya ɗauke gaba ɗaya, sai mu nufi batir da kawunansa. Idan kuwa ya tsaya ƙyam bai ko girgiza ba alhali an ji ƙwas, to kik bai ja wuta ba ke nan, sai mu gangara ƙasa wajensa.

Mafi yawan motocin da aka turo mana ba su wuce kan batir ba. Za ka ɗaga bonet ka tarar da wani gari fari-fari ko kore-kore ya taru a kan tamina kamar kanwa, ya ci dalma, ya shiga tsakanin kan batir da abin da ya riƙe shi. Ko kuwa ka kama tamina da hannu ka ji tana juyawa. Direbobi suna da dabarar buga ƙusa ko cusa guntun gwangwani a wurin don ya kama, wanda yakan kai su gida amma ya bar musu ciwon. Kawu ya koya mini in ɗora yatsa a kan kowace tamina bayan an murza sau biyu. Wadda ta yi zafi, nan ne wuta take wahalar wucewa. Aikina shi ne in ruga wurin mai shayi in karɓo ruwan zafi a gwangwani, mu zuba a kai garin ya narke, mu kwance, in goge kan batir da cikin tamina da sanfefa har su yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. A murza, mota ta tashi. Na sha ganin direban da ya zo da shirin rabuwa da kuɗin sabon batir ya tsaya yana kallon injinsa yana aiki, ya rasa ta cewa sai "Ikon Allah!" Kawu kuma abin da ya ba da shi yake karɓa.

Batiran lokacin masu murfi shida ne, kowane rami da ruwansa. Muna da wani bututun gilashi mai robar matsawa a ka, da ɗan abu mai yawo a ciki, da shi ake zuƙo ruwan kowane rami a ga ƙarfinsa. In biyar sun nuna lafiya ɗaya ya kwanta, wannan batir ko an kwana ana yi masa caji ba zai riƙe ba. Da hunturu aikin ya fi yawa, musamman da sassafe, don sanyi yana rage wa batir kuzari, man inji kuma ya yi kauri. Amma kawu yakan ce kada a zargi hunturu. Zafin bazara ne yake ƙone ruwan batir ya ci shi ta ciki, sanyi kuwa tona asiri kawai yake yi. Daga baya da na karanta littattafan sana'ar na tarar haka abin yake. Kuma ko da batir ne ya sauka, ba ya sallamar mota sai ya tambayi abin da ya saukar da shi: fanbel ya saki ne altaneta ba ta caji, ko an bar rediyo da fitila a kunne aka kwana?

Idan ƙwas ɗaya ce kuma fitila ba ta dushe ba, sai ya ba ni doguwar sifana ya ce in ɗan ƙwanƙwasa jikin kik yayin da direba yake riƙe da makulli. In ta tashi da hakan, to burushin ciki ne, 'yan dunƙulen gawayin nan da suke gogar abin da ke juyawa, suka cinye har ba sa taɓawa sosai, ko kuwa farantin tagullar ɗan goyo ya ƙone ya yi baƙi. Duka biyun gyara ne mai sauƙi, ba sa bukatar sabon kik. Akwai kuma abu guda da ba ya mantawa idan fitila ta dushe sosai alhali batir lafiyayye ne. Zai sa babbar sifana a notin gaban inji ya gwada juya shi da hannu, don injin da ya ƙafe saboda rashin mai shi ma ƙwas ɗaya yake yi, kuma ko kik goma aka ɗaura masa ba zai motsa ba.

A shekarata ta biyu hannuna ya fara faɗawa, har kawu yana barina da ƙananan ayyuka. Wata ranar hunturu ya tafi ta'aziyya Bichi, ya ce sai yamma. Da hantsi aka turo wata a-kori-kura shaƙe da buhunan gero, ta fito daga wajen Gumel za ta Dawanau. Direban dattijo ne, da furfura a gemunsa, motar kuma tasa ce, ita kaɗai ce dukiyarsa. Ya ce tun a hanya take yi masa haka, wani lokaci ta tashi, wani lokaci sai an tura. Yau kuwa da kaya a kanta, turin ma ya gagari yaransa.

Na bi abin da aka koya mini daki-daki. Na ce ya murza, na ji ƙwas ɗaya. Na kunna fitila, haske ya tsaya ƙyam. Na duba kawunan batir, tsaf suke, ba zafi. Na ƙwanƙwasa kik, bai amsa ba. Na ɗauko batir ɗinmu mai cikakken caji na haɗa, ƙwas ɗin dai ita ce. Sai na miƙe na ce, "Baba, kik ne. Ya mutu."

Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka tabbata? Ko mu jira maigidanka?"

Na ce na tabbata. Ina son kawu ya dawo ya tarar na gama babban aiki ni kaɗai, wannan ita ce gaskiyar abin da ke raina. Dattijon ya sauke buhu biyu daga cikin nasa rabon, ya sayar da su nan take a farashin da mai saye ya ga dama, ya haɗa da abin da ke aljihunsa, muka shiga cikin kasuwa ya sayi wani kik. Na kwanta a ƙarƙashin mota na kwance tsohon, na ɗaura sabon, na ɗaure kowane noti. Na ce ya murza.

Ƙwas.

Ban taɓa jin ƙarar da ta shige ni kamar wannan ba. Dattijon bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya fito ya zauna a gindin bango ya ciro carbinsa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar kawu ya dawo. Ya saurari bayanina har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce a murza, ya saurara. Sannan ya kai hannu ya taɓa wayar totur, siririyar wayar ƙarfen nan da ke tasowa daga ƙafar direba zuwa kafireta, ya janye da sauri. Ya ce in taɓa. Da zafi, ga robar jikinta ta fara narkewa. Ya ɗauko wayar haɗa batir guda ɗaya, ya maƙala baki ɗaya a kan batir na ɓangaren da ake haɗawa da jikin mota, ɗaya bakin ya maƙala shi a jikin inji. Ya ce, "Malam, murza." Motar ta tashi tun kafin a saki makulli.

Ya ja ni ƙarƙashin motar ya nuna mini wata faffaɗar waya saƙaƙƙiya da ta haɗa inji da jikin mota, wadda a gareji muke ce wa at. Ta rube, baƙin mai da ƙura sun rufe ta, 'yan silili biyu ko uku ne kawai suka rage. Ya ce wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Inji a kan robobi yake zaune, don haka in ba ta wannan wayar ba, wutar da ta shiga kik ba ta da babbar hanyar komawa batir. Fitilu a jikin mota suke sauke tasu, shi ya sa suka yi mini haske suka ruɗe ni. 'Yan sililin da suka rage sun ishi ɗan goyo ya buga, ba su ishi kik ya juya ba, ragowar wutar kuma ta nemi hanya ta wayar totur har ta ƙona ta. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Bai tsaya nan ba. Ya sa na ɗauko tsohon kik ɗin da na ce ya mutu, na ajiye shi a ƙasa, ya taka shi da ƙafa, ya haɗa masa wuta daga batir. Ya zabura yana juyawa da ƙarfi har yana neman ƙwacewa daga ƙarƙashin takalminsa. Gwajin da ba ya cin minti biyu, kuma na sha ganin ana yi. Kawu ya ce, a gaban dattijon da yaransa, "Ba a binne abu sai an tabbatar ya mutu. Ka bar jaki kana dukan taiki." Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan a kan maganar, a ranar da kuma bayanta.

Mai kayan da muka saya a wurinsa ya ƙi karɓa, ya ce an riga an ɗaura. Kawu ya mayar wa dattijon tsohon kik ɗinsa a mota, ya sa masa sabuwar wayar at, ya karɓi sabon kik ɗin ya ce shi ya saya. Ba shi da kuɗin a hannu. A sawu uku ya biya, duk lokacin da dattijon ya shigo Kano. Amma asarar da aka yi a farashin buhu biyun nan, da yinin kasuwa da ya wuce, ba wanda ya mayar masa. Kik ɗin ya daɗe a kan kanta a cikin shago inda nake ganinsa kullum da safe in na zo shara, kuma ina jin da gangan kawu ya ajiye shi a wurin.

Ban zauna a sana'ar ba. Na koma makaranta, rayuwa ta bi da ni wata hanya, kawu kuma Allah ya yi masa rasuwa. Motocin ma sun canja. Fijo ta ja baya, na Kwatano suka cika titi, da yawansu masu giyar otomatik waɗanda ba a tayar da su da turi, don haka dabarar sa giya ta biyu a saki kuloci ta daina ceton mutane da yawa. Yanzu ina da mita a mota, kuma na san lambobin da kawu yake karantawa da ido a hasken fitila. Batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya sauko wajen 12.0, ya yi nisa da sauka. Lokacin da ake murzawa bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba, in kuma inji yana aiki, altaneta mai lafiya takan ɗaga shi tsakanin 13.8 da 14.4. Mita ta sauƙaƙa aiki ƙwarai, har da gano wayar da take riƙe wuta. Amma ɗan goyo yana nan a bayan kik kamar yadda yake a 1986, kuma kukansa bai canja ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin ana aiki a wasu garejin yau. Mota ta yi ƙwas, kafin mai ita ya gama bayani an ce ya sayo batir. Ya sayo, ba ta tashi ba, a ce kik. Ya sayo, a ce altaneta. Ana gwaji da aljihun mutum, kuma ba mai cewa a mayar masa da komai. Na san yadda ake faɗawa cikin wannan, don na faɗa. Akwai kuma gangancin da nake gani a bakin titi, yaro ya sa sukurdireba ya haɗa wayoyin kik kai tsaye ba tare da ya duba ko mota tana cikin giya ba, alhali wani yana tsaye a gabanta. Ko a riƙa ƙyasta waya a kan batir ana kallon tartsatsi, ga shi batir da ake yi wa caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, yana iya fashewa ya watsa wa mutum ruwan asid a ido. Kawu ba ya yarda a taɓa kik sai an fara cire kan batir na ɓangaren jikin mota, kuma shi ake mayarwa a ƙarshe.

Mai karatu, idan taka ta yi maka haka wata safiya, kada ka yi ta murza makulli har batir ya ƙarasa mutuwa. Kashe rediyo ka saurara ko ƙarar ɗaya ce ko a jere, ka kunna fitila ka duba, ka girgiza kawunan batir da hannunka. In ta kai ga bakanike ya ce kik ne, ka roƙe shi ya fara jan waya daga kan batir na ɓangaren jikin mota zuwa jikin inji ya gwada. In kuma an kwance kik ɗin, kada ka ciro ko sisi sai an ajiye shi a ƙasa an haɗa masa wuta a gabanka.